Neman Kakan Baba Nazir na Shida

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. Ranar Juma'a a unguwar Rusholme, nan Manchester inda nake zaune, ina ɗaura igiyar takalmi a ƙofar masallaci, sai ga abokina Dakta Kabiru a kaina. "Injiniya, wai da gaske ne you went all that way neman kakan wani Bafakistane? Naka kakannin fa, ka gama da su?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin sau ɗaya, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa.

Sai na fara gaya muku wane ne Baba Nazir. Lokacin da na zo Birmingham karatu, fiye da shekara ashirin ke nan, a gidansa na sami ɗaki a unguwar Lozells, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna. Tsohon direban bas ne, dogo, mai farin gashin baki. Ranar farko ya ƙura wa fuskata ido har na tsargu, sannan ya tambaye ni wa ya yanke ni haka. Na ce tsagen Gobirawa ne, duk wanda ya gan shi a ƙasarmu ya san gidan da na fito. Ya ce ina Gobir ɗin take? Na ce ai ba ta cikin taswira yanzu, birninta ma, Alkalawa, ya zama kufai. Tsohon nan ya ajiye kofin shayinsa, ya kamo hannuna ya riƙe. Ya ce shi ma ƙasarsu ba ta cikin taswira, sunanta Bhattiana.

Shekara huɗu na yi a gidan, kuma zan iya cewa na yi digiri biyu, ɗaya a jami'a, ɗaya a kicin ɗin Baba. Bhatti sunan zuriyarsu ne, reshe ne na Rajput, wato gidajen mayaƙan Indiya na da, nasu reshen kuma ya musulunta tun da daɗewa. Ƙasar da suka mallaka a gefen kogin Ghaggar ita aka laƙaba wa sunansu. Makiyaya ne masu doki da takobi, kuma Baba bai taɓa ɓoye cewa shanun maƙwabta sukan kwana a garkensu ba da izini ba. Nakan ce masa mu ma Gobirawa ba a san mu da roƙo ba. Wata muguwar yunwa ta taɓa watsa ƙasar, daga baya Turawan Ingila suka karɓe ta suka mai da ita gunduma, sannan suka goge sunan suka kira ta Sirsa. Da aka zo raba Indiya da Pakistan, Musulmin yankin suka kwashe suka tsallaka. Baba yana ɗan shekara tara, a kan amalanken shanu ya bar ƙauyensu, bai sake ganinsa ba.

Abin da ya rage musu sunaye ne. A al'adarsu, ranar aure sai an tsaya an jero kakannin gida da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. A da akwai masu wannan aiki, kamar maroƙanmu, amma a Birmingham Baba ne yake yi da kansa. Sunaye tara yake riƙe da su, yana ƙirga su a gaɓoɓin yatsunsa. "Ku a fuska kuke rubuta naku," in ji shi, "mu a baki muke riƙewa."

A bara yayana ya tashi zuwa Delhi daga Sakkwato a yi masa aikin gwiwa, aka ce ni zan je in yi jinya. Na hau bas daga Manchester na je yi wa Baba sallama. Na san ya yi ɗan shanyewar jiki a lokacin sanyi, amma ban zaci ya zube haka ba. Jikarsa Samina ce ta buɗe mini ƙofa, yarinyar da na goya a wuyana tana rarrafe, yanzu saura mako shida bikinta. Ta raɗa mini cewa kullum yana zaune yana ƙirga yatsu.

Ya sa na zauna kusa da shi, ya fara. Nazir, ɗan Sardar, ɗan Fattu, ɗan Imam Din, ɗan Kalu. Sai ya tsaya, babban yatsansa yana kan gaɓa ta shida. Ya tsallake ya faɗi na bakwai da na takwas da na tara daidai, ya dawo kan na shida, shiru. 'Ya'yansa babu wanda ya haddace, bai taɓa rubutawa ba don bai taɓa tunanin zai manta ba, 'yan'uwansa na Pakistan da suka sani duk sun rasu. Shi kuwa biza ba ta samuwa da sauƙi ga mai asali irin nasa, balle ga jiki ya ƙi.

"Ɗana," ya ce, "ba zan tsaya gaban surukai in tsallake mutum ba. In na tsallake shi ranar nan, ya tafi ke nan har abada. Akwai masu riƙe littafin zuriyarmu, ubana ya ce suna zuwa ƙauye bayan damina. Ko sun mutu ko suna nan, ban sani ba."

Na ce zan duba. Gaskiya na faɗa ne don in kwantar masa da hankali, ban sa rai da komai ba.

A filin jirgin Delhi na fara ganin ta kaina. Ma'aikacin shige da fice ya juya fasfona, ya dubi katin rigakafi, ya dubi fuskata, ya sake dubanta. Ya tambaye ni ko hatsari na yi. Na ce ado ne. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ado, su biyu suka yi shawara da yarensu, sannan aka buga mini hatimi. Na wuce ina cewa a raina, da kakata ta ga yadda ake kallon aikin wanzamin da ta zaɓa da kanta, da sai ta nemi ba'asi.

Aikin yayana ya yi kyau, alhamdu lillahi. Da ya fara takawa da sanda, matarsa na kusa, sai na ɗauki kwana uku na nemi mota. Direban sunansa Harpal, mabiyin addinin Sikh ne, mai rawani shuɗi da tumbi, yana jin Turanci daidai gwargwado. Da na ce masa Bhattiana za mu, ya ce shekararsa talatin yana tuƙi bai taɓa jin wurin ba. Na ce Sirsa. Ya ce to ka ce haka mana.

Muna barin hayaƙin Delhi sai jikina ya fara ba ni wani abu. Gonakin auduga, raƙuma na jan amalanke, tsofaffi a kan gadajen igiya a gindin bishiya, mata da tulin kashin shanu da aka shanya don girki. Can sai na hango gero, zangarniya tsaye reras, na ce Harpal ya tsaya. Na fita na kama zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu. Mai gonar ya taso da sauri yana zaton ɓarna nake yi, ya tarar da baƙin mutum da hula yana shinshinar gero idonsa ya kawo ruwa. Rabona da gonar gero tun rasuwar mahaifina. Harpal ya yi masa bayani, mutumin ya karya zangarniya uku ya ba ni.

Abinci kam na sha wuya. Yankin nan ba su cika cin nama ba. Duk inda muka tsaya wake ne, da gurasa, da man shanu, da wani waken kuma. A rana ta biyu na tambayi Harpal ko kajin da nake gani suna yawo haraji suke biya da aka bar su haka. Ya yi dariya har motar na karkata.

Masauki ma sai da ya ba mu aiki. Gidajen baƙi uku muka shiga a Sirsa, duk wanda ya ga fasfo sai ya tuna ɗakuna sun cika, don akwai takardar da ake cike wa baƙon waje, ba mai son wahalarta. Harpal ya ce in zo mu je inda ba a korar kowa, ya kai ni wurin ibadarsu. Na yi turus a ƙofa. Ya ce sharaɗi biyu ne, cire takalmi da rufe kai, hularka ma ta wadatar. Aka ba ni ɗaki mai tsabta, na yi sallolina a ciki ba wanda ya ce mini kanzil. Lokacin cin abinci kowa a ƙasa yake zama sahu sahu, mai mota da mai shara kafaɗa da kafaɗa, ana bi ana zuba musu. Na tuna ƙofar gidan kakata da azumi, lokacin da ake fito da akushi ba a tambayar baƙo daga ina. Ban san yaushe muka daina ba.

Washegari da hantsi muka sami ƙauyen, kusa da garin Rania. Kogin da Baba ya shekara huɗu yana ba ni labarinsa, wanda na ɗauka ya fi Gulbin Rima, mun haye shi ban lura ba. Ba Bhatti ko ɗaya a garin. Mazaunan duk 'yan Sikh ne da iyayensu suka tsallako daga ɓangaren Pakistan a shekarar da su Baba suka tsallaka can. Aka kai mu wurin wata tsohuwa da ta fi kowa shekaru. Ta ce gidan da aka ba iyayenta sun tarar da tukunya a kan murhu, ta daɗe tana tunanin ko wace ce ta ɗora ta. Ta tambaye ni ko Baba ya san wani ƙauye a can ɓangaren mai rijiya biyu da bishiyar magarya, nan ne nasu. Na ce zan tambaye shi.

Ta sa aka kawo mini wani abu a kwanon tagulla. Na kurɓa don kunya, sai na tsaya. Garin gero ne aka dama da tsala ya kwana, da ɗan tsami da ɗan gishiri. In ba don gishirin ba, da na rantse daga ƙwaryar Gwaggona aka ɗebo shi. Na shanye na miƙa kwano aka ƙara. Tsohuwa ta ce wa Harpal wannan baƙin ɗan gida ne.

Ita ce ta san masu littafin. Ta ce suna nan, suna zuwa wa wasu gidajen Rajput na ƙauyukan gaba, gidansu na wajen Hanumangarh, garin da a da ake kira Bhatner. Muka kama hanya, muka ɓata sau biyu, muka yi faci sau ɗaya, muka isa bayan azahar.

Mai littafin siriri ne, ya ba saba'in baya, Bahinde, da tabarau ɗaure da zare. Littattafan dogaye ne, an naɗe su da jan ƙyalle, sun cika ɗaki guda. Harpal ya gaya masa abin da ya kawo mu. Ya ce in faɗi sunayen da na zo da su. Na fito da takardata na fara karantawa ƙasa ƙasa, kaina a sunkuye, ina sa wa kowane suna "marigayi" a gaba. Ku kun san mu. Ba a tashe mu da kiran sunan babba gatsal ba. Ni har yau idan aka ƙwala sunan mahaifina a asibiti, don shi ne sunana na biyu a takarda, sai na ji kamar an taka ni.

Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Harpal ya fassara: "Ya ce wai bashi ka zo ci ne kake ƙunƙuni? Ba a buɗe littafi da raɗa. Ka miƙe tsaye ka kira su yadda za su ji."

Na miƙe, gumi na keto mini. Na kira Nazir, na kira Sardar, na kira Fattu, da muryar da ban san ina da ita ba. Kafin in kai Kalu tsohon ya tashi ya shige ƙuryar ɗaki. Ya daɗe, muna jin yana ɗaga kaya yana tari. Ya fito da wani kundi da ƙura ta canja wa launi, ya ce tun rasuwar ubansa ba a kwance shi ba. Ya bi layi da yatsa yana waƙe sunayen da wata irin karya murya, kamar maroƙi ya hango mai gida. Imam Din, ɗan Kalu, ɗan Jaimal, ɗan Hansa.

Jaimal. Na sa ya maimaita sau uku, na rubuta da boko, na rubuta da ajami, na sa Harpal ya rubuta da nasu.

Sai ya juya littafin ya nuna mini ƙasan shafin. Suna na ƙarshe Nazir ne, an rubuta shi yana jariri. Daga nan fili ne fari har ƙasa. Ya ce ubansa ya je ƙauyen bayan damina kamar kullum, ya tarar da wasu mutane a gidajen. Bai ja layi ya rufe shafin ba, don ba a rufe wa zuriya shafi sai an tabbatar ta ƙare. Ya ɗauki alƙalami ya dube ni. "Yaron nan Nazir, ya haihu?"

Nan ne na kasa riƙe kaina. Na tsaya a tsakar gidan mutumin da ban taɓa gani ba, na jero 'ya'yan Baba huɗu da jikokinsa goma sha ɗaya, waɗanda na ci abinci da su, na raka wasunsu makaranta a Lozells cikin ruwan sama. Yana rubutawa yana gyaɗa kai. Da ya gama na rasa abin da zan yi masa da ya dace. A garinmu maroƙi in ya taɓa maka zuciya, abin da ke jikinka kake tuɓewa. Na cire hulata, sabuwa ce aikin hannu, na ɗora masa a ka. Ta yi masa yawa ta rufe kunnuwa, bai cire ba har muka tafi.

Na dawo Manchester saura kwana tara biki. Washegari na hau mota zuwa Birmingham. Na nuna wa Baba hoton shafin a waya, na faɗa masa sunan. Ya rufe ido ya ce, "Jaimal. Mai farin doki." Ya yi ta maimaitawa yana taɓa gaɓar yatsansa. Na ba shi zangarniyar gero ɗaya, na isar da tambayar tsohuwa da labarin tukunyar. Bai san ƙauyen mai rijiya biyu ba, amma ya ce a gaya mata tukunyar ba mamaki ta uwarsa ce, an yafe musu ita.

Ranar biki da rana aka yi walima a wani babban zaure. Na je da matata da 'yarmu Nana, mai shekara goma sha huɗu, wadda Hausarta sai an yi haƙuri. Aka kamo Baba aka tsayar da shi, ya ƙi karɓar takarda, ya ce ubansa bai taɓa karantawa daga takarda ba. Ya fara da ƙarfi. Nazir, Sardar, Fattu, Imam Din, Kalu. Sai ya tsaya.

Na ga yatsan ya kafe a kan gaɓa ta shida. Samina ta sunkuyar da kai cikin mayafinta. 'Ya'yansa suna laluben waya su nemo hoton shafin da na tura musu. Ni ina can teburin baya, baƙo, Bagobiri, wanda aka hora da cewa sunan babba ba abin wasa ba ne. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Jaimal!"

Kowa ya waiwayo. Baba bai waiwayo ba. Ya ɗaga hannu sama kamar direban da aka ba hanya, ya ce, "ɗan Jaimal, ɗan Hansa," ya zarce har na tara bai yi tuntuɓe ba.

A hanyar komawa, rana ba ta faɗi ba tukuna, Nana ta leƙo daga kujerar baya. "Abba, that was so cool. Yi namu."

Na faɗi sunana. Na faɗi na mahaifina. Na buɗe baki in faɗi na kakana, sai na ga ban san shi ba. Malam Babba muke ce masa. Ya rasu mahaifina na ƙarami, jikan da aka sa wa sunansa bai yi kwana arba'in ba, kuma duk gidanmu ba mai kama sunan. Mun girmama shi har mun ɓatar da shi. Matata ta dube ni, ta mai da ido kan titi.

Mutum ɗaya ya rage da ya sani, Gwaggo Hassi, yayar mahaifina, a Sabon Birni, ta haura tamanin. Da safe na kira ta, na sa Nana kusa da ni. Bayan gaisuwa na ce sunan kakanta nake so.

Ta yi dariya. "Wanga ai mijina ne, nashi ba wuya." Ta faɗa, har da kirarinsa da labarin yadda yake ɓoye mata goro.

Na ce to saura na Malam Babba.

Ta daina dariya. "Kai ɗan nan, mi za ka yi da shi? Ni tun da nike ban taɓa kama sunanai ba."

Na ce, "Gwaggo, in kika tafi da shi, ya tafi ke nan. Ga jikarki nan tana tambaya, ban da abin ce mata."

Na ji tana korar mutane daga ɗakin, na ji an turo ƙofa. Ta ce, "Sau guda zan faɗi. Allah ya gafarta mini, shi ma ya gafarta mini." Ta faɗa a hankali, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya, sannan ta kashe wayar ba sallama.

Na rubuta shi a bayan takardar da ke ɗauke da kakannin Baba Nazir. Dakta Kabiru, ga amsar tambayarka, huɗu na samu zuwa yanzu. Kada ka ce in rubuta maka na ukun a nan, hannuna ba zai iya ba. In kana son ji ka tambayi Nana. Ta haddace, kuma ita da ƙarfi take faɗa.